Jakin Jita Ya Lalace: Abin Da Uwa Za Ta Sani Kafin Kuɗi Su Fita

Idan wata rana ɗanki ya shigo yana ɓata rai ya ce, "Umma, jakina ne ya lalace, sai na sayo wani," kada ki ɗauka dabba yake nufi. Jaki a bakin makaɗa shi ne ɗan abin nan da tsirkiya ke hawa a kansa a jikin gurmi ko garaya ko kukuma. Da wannan suna za mu kira ɗan'uwansa na ƙarfe da ke jikin jita mai amfani da lantarki. Girmansa bai kai tafin hannunki ba, amma in babu shi jita ta zama katako kawai.

Za ki ce me ya haɗa filin iyali da jakin jita. Kuɗi ne suka haɗa su, sai kuma lafiya. A wannan yanki namu na Kura da Bunkure da Garun Malam, yaro ɗan shekara 15 ba ya rasa 'yan kuɗi a aljihu da rani. Ya yi dashen shinkafa, ya yi tsinkar tumatir, ya yi dakon kwanduna a Kwanar Gafan. Mafi yawansu waya suke saya ko sutura. Kaɗan daga ciki, waɗanda bidiyon makaɗan Agadas ya shiga ransu, sukan dawo daga Kano da tsohuwar jita 'yar Beljiyam, ko su ɗauko wadda wani kawu ya jingine a bayan ƙofa shekara da shekaru. Sau da yawa irin wannan jita da ciwon jaki take zuwa: noti ya faɗi ya ɓace, tsatsa ta cinye wani sashe, ko an cire jakin gaba ɗaya. Daga nan yaro zai shiga neman sabo, ya tura guminsa na wata biyu ga mutumin da bai taɓa gani ba. Daga nan kuma mu ma'aikatan jinya muke ganin masu irin wannan gyare-gyare, da yanka a yatsa ko ɓurɓushin ƙarfe a ido.

Ba sai kin iya kiɗa ba kafin ki taimaka masa. Abin da ake bukata shi ne ki san tambayoyin da za ki yi.

Jaki tun na kaka da kakanni

Aikin jaki biyu ne. Na farko, yana ɗaga tsirkiya daga jikin fata ko katako don ta samu sararin kaɗawa. Na biyu, shi ne iyakar tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa, kuma wannan tsawo shi ke yanke ko sauti zai fito da kauri ko siriri. Matsar da jaki kaɗan, murya ta canza.

Makaɗanmu na gargajiya ba a san su da zuwa kanti neman jaki ba. Guntun icce ne, ko kara, ko sakaina, mai kayan ya feƙe da wuƙarsa ya gwada, in bai yi ba ya sake wani. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, da kuntigi ya zaga duniya, kuma kuntigin nan gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya guda. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi aka san shi, Garba Supa da Hassan Wayam kuwa da kukuma. Kayan da suka yi suna da su duk aikin hannu ne na gida, kuma abin da ya karye a jikinsu a gida ake maye gurbinsa.

Hanyar da jita ta biyo ta shigo zukatan yaranmu ma tsohuwar hanya ce. Tun kafin a haƙa magudanar ruwa ta farko a Kadawa, Kura ta yi suna da rini. Baƙin turkuɗin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, Abzinawa ne manyan masu sayensa, su kai shi Agadas da cikin Sahara su yi rawani da lulluɓi. Yau kiɗan jitarsu ne ke gangarowa kudu ta cikin waya. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Mdou Moctar, ya taso ne a jihar Tawa ta Nijar, a gidan da ba a maraba da kiɗa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori kafin Turai da Amurka su san da shi.

Me ya sa na gajeriyar jita ya fi wuyar samu?

Jitar lantarki ba tsawonsu ɗaya ba. Ana auna su ne daga ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke bi ta kansa a saman wuya zuwa kan jaki. A jitar da aka fi yayi, irin Stratocaster ta kamfanin Fender, wannan tsawo inci 25.5 ne, kusan santimita 65. Amma a 1956 kamfanin, wanda ke Kalifoniya a Amurka, ya fito da wasu ƙanana guda biyu saboda 'yan koyo da masu ƙaramin hannu, Musicmaster da Duo-Sonic, masu inci 22.5. A 1962 aka yi Jaguar mai inci 24, wato santimita 61, sai Mustang a 1964, wadda ta fito da inci 24 ko 22.5, aka kuma ci gaba da ƙera ta a Amurka har 1982. Kamfanonin Japan irin su Teisco da Guyatone su ma sun cika kasuwa da ƙananan jita masu araha a shekarun 1960.

Yaro ɗan makaranta irin waɗannan gajerun ne ke yi masa daɗin riƙo, don yatsunsa na kaiwa ba tare da wahala ba. Matsalar ita ce kowace da irin jakinta. Na Musicmaster da Duo-Sonic na farko faifan ƙarfe ne da aka ɗaure da noti, da 'yan sanduna uku a kai, kowace sanda na ɗaukar tsirkiya biyu. Na Mustang da Jaguar kuwa yana tsaye ne a kan ƙafa biyu da ke shiga ramuka a jikin katako, da 'yan gangunan ƙarfe shida, kowace tsirkiya da nata. Turawa sirdi suke kiran waɗannan 'yan ƙarafa. Jaki dai da akumari aka san shi, amma mu bar su a sirdin. Na Japan na wancan zamani kuma kusan kowane samfuri da nasa fasali, kuma tuni aka daina yin irinsu.

Akwai ƙarin dalilin da ya sa sassan ke ɓacewa. Gajeriyar tsirkiya ba ta ɗaurewa tamau kamar doguwa, don haka ba ta danne jaki da ƙarfi. Sai noti ya riƙa girgiza yana kwancewa da kansa har ya faɗi. Ki haɗa wannan da yanayinmu: hunturu ya busar da katako ramuka su saki, damina da raɓar fadama su kawo tsatsa, ga gishirin gumin hannu.

Jakin asali na shekarun 1960 sai dai a samu wanda aka ciro daga wata tsohuwar jita, kuma da tsada. Abin da mutane ke saya shi ne kwaikwayo, wato sabon ƙira a kan fasalin tsoho. Kwaikwayo ba aibi ba ne, in dai awonsa ya dace da jitar da ke ɗakinki.

Awo biyar kafin a saki ko sisi

Ki sa yaron ya kawo takarda da biro, da tef ɗin awo na tela, da rula mai milimita. In akwai makanike a dangi, a aro ma'aunin nan mai baki biyu da suke auna kaurin ƙarfe da shi.

Na ɗaya, tsawon tsirkiya. A auna daga ƙashin saman wuya zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, sai a ninka biyu. Abin da ya fito, a nan ne sirdi zai zauna. In sabon jaki ya ture sirdi gaba ko baya daga wannan wuri, jita za ta riƙa fitar da sautin ƙarya duk yadda aka saita ta.

Na biyu, ramuka. In jakin mai ƙafa biyu ne, a auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ɗayan. A Mustang da Jaguar tazarar kusan milimita 73 ce. In mai faifai ne, a ɗora takarda a kan katakon a goga fensir, ramukan noti su fito a jikinta kamar taswira. Wannan takarda ita ce za a tafi da ita kasuwa.

Na uku, faɗin tsirkiyoyi, daga ta farko zuwa ta shida a kan jaki. Tsofaffin sukan kai milimita 55 zuwa 56, wasu sababbin kuma 52 ne. In jaki ya fi wuyan jita faɗi, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa suna faɗawa waje.

Na huɗu, doron wuya. Fuskar wuyan jita ba shimfiɗe take ba, tana da ɗan doro kamar bayan ludayi, kuma dole jerin sirdi ya bi wannan doro. Tsofaffin Fender doronsu na inci 7.25 ne, sababbi da yawa 9.5. Ga dabarar ganewa: a ɗaura zare a fensir, a zana da'ira biyu a jikin kwali, ɗaya da zare mai tsawon milimita 184, ɗaya da mai 241. A yanke gefen kowace a kifa a kan wuyan. Wadda ta zauna daram ba haske a ƙarƙashinta, ita ce awon.

Na biyar, zaren noti. Jitar Amurka notinta a kan awon inci aka yi shi, ta Japan da Sin da Indonesiya a kan milimita. A ido kamar ɗaya suke, amma in aka tilasta ɗaya a ramin ɗaya zare zai lalace. Hatta alankin da ake saita tsayin sirdi da shi daban ne: na Amurka inci 0.050, na Asiya galibi milimita 1.5.

Idan ɗanki bai iya kawo miki waɗannan lambobi biyar a rubuce ba, lokacin sayayya bai yi ba. In kuma ya kawo, a ɗauki hoton jakin daga sama da gefe da rula a kusa da shi, a ajiye a waya.

Ina ake samu?

Hanya ta farko kasuwa ce. A Kano, Sabon Gari ne ake samun shagunan kayan kiɗa, saboda majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa da ke sayayya a can. Mafi yawan abin da ke kan kantarsu na doguwar jita ne, amma sukan ajiye matattun jita da ake ciro sassa daga jikinsu, kuma sukan iya aikawa a kawo daga kasuwar Alaba ta Legas. A tafi da jitar kanta in da hali, a gwada a gaban mai shago, gani ya kori ji. Kada yaro ya tafi shi kaɗai. A haɗa shi da yayansa ko kawunsa wanda ya san ciniki.

Hanya ta biyu intanet. A shafuka irin su eBay da Reverb da AliExpress ana samun jakin kwaikwayo iri-iri. Akwai masu araha daga Sin, akwai kuma na ƙananan kamfanoni da suka ƙware a wannan aiki kaɗai, kamar Mastery na Amurka da Staytrem na Ingila. Na Mastery kuɗinsa ya haura dala 150 tun kafin a zo maganar kuɗin aike da na kwastan. Ki buga wannan da farashin dala na yau, za ki ga sau da yawa jakin ya fi jitar da za a ɗora shi a kai tsada. Masu arahar kuma sukan zo da ƙarfe mai laushi da noti mai sako-sako, araha ba ta ado. Duk wanda za a saya, a karanta awon da mai sayarwa ya rubuta a gwada da na takarda. In bai rubuta ba a tambaye shi, in ya ƙi amsawa a wuce.

A nan ne 'yan damfara suke. Wani zai sa hoton kaya a Facebook ko WhatsApp, ya ce saura guda ɗaya, a turo kuɗi yanzu kafin wani ya riga. Hoton ma daga wani shafi ya kwafo shi. Gwajin mai sauƙi ne: a ce ya ɗauki sabon hoto da rula a jikin jakin, da takarda ɗauke da kwanan watan ranar. Mai kaya na gaskiya ba zai ji nauyin yin haka ba. Kuma kada ki bari a yi amfani da katin bankinki ba ki wurin, kada ki karanta wa kowa lambar sirrin da banki ke turo miki ta waya.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa, alhali ta fi kusa da ƙofar gidanki.

Masu feƙe ƙarfe na gida

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya fara gangarowa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure rani da damina. Noman rani ya jawo injinan ban-ruwa, ya jawo injinan casar shinkafa da Kura ta cika da su, su kuma suka jawo makanikai da masu walda da masu injin feƙe ƙarfe. Shekara 50 ke nan mutanen nan suna ƙera abin da babu shi a kanti. Inji ya tsaya ana tsakiyar aiki, ba wanda zai jira kaya daga waje, sai a kai tsohon ƙarfen a ce a fitar da irinsa.

Sirdin jita bai fi ƙarfinsu ba. Na Mustang ɗan gangan ƙarfe ne mai tsaga ɗaya a tsakiya da rami mai zare. Sirrinsa guda ne, kuma dole a faɗa wa mai aikin: shidan nan ba kaurinsu ɗaya ba. Biyun tsakiya sun fi kauri, na kusa da su sun ɗan ragu, na gefe su ne ƙanana, kuma wannan bambanci shi ke ba da doron da muka ambata. In ɗaya ya ɓace, takwaransa na ɗaya gefen shi ne samfuri. Na Duo-Sonic ya fi sauƙi, guntun sanda ne da ramuka uku. Ga tsofaffin jitar Japan kuwa, waɗanda ba kasafai ake samun kwaikwayonsu ba, sau da yawa mai feƙe ƙarfe ne kaɗai mafita.

A nemi a yi da tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. A goge tsagar da tsirkiya za ta zauna har ta yi sumul, domin kaifi kaɗan ya isa ya riƙa tsinka tsirkiya. A yanka zaren milimita a sabon sirdin a sa masa sabon noti, tunda shi ake samu a Ƙofar Ruwa da wajen masu kayan babur. Abin da ba za su iya ba shi ne farin fentin nan mai ƙyalli na kamfani, sai dai ƙyalli ba ya ƙara wa sauti komai. Ki ja kunnen yaro a kan abu ɗaya: aikinsa ƙarami ne a wajen mutumin da manoma ke layi a ƙofarsa. Ya je da ladabi, ya je lokacin da aiki ya lafa, ya biya abin da aka yanka masa.

Kada a yar da tsohon

Da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a taɓa komai a duba bayan jitar, inda wuya ya haɗu da jiki. Tsofaffin Fender na da faifan ƙarfe mai noti huɗu a wurin, galibi da lamba a jiki, kuma in aka kwance wuyan akan ga kwanan wata a gindinsa. Sunan da ke rubuce a kai kawai ba hujja ba ne, don ana manna na jabu. Mafi yawan abin da ke zuwa mana a kayan Beljiyam ba Fender ba ne, amma allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Mustang ta gaske ta shekarun 1960 tana haura dala 1,000 a kasuwar duniya. Wadda mawaƙin Amurka Kurt Cobain ya yi amfani da ita an yi gwanjonta a watan Mayun 2022 a kan dala miliyan 4.5, ko da yake wannan sunan mai ita aka saya.

Abin da ke karya darajar tsohuwar jita uku ne: huda sabon rami, sake fenti, da zubar da sassan asali. Don haka duk abin da aka kwance, ko ya yi tsatsa, a zuba a kwalba mai murfi a rubuta suna a ɓoye. Kada a ba 'yan jari-bola. Sau da yawa ma jakin da aka ɗauka ya mutu wanki kawai yake so: a goge da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, a busar, a ɗiga man keken ɗinki a kan noti.

Inda aikina ya shigo

Yanzu bari in sa fararen kayana in yi miki magana.

Babban haɗari shi ne lantarki. A jitar lantarki akwai wata siririyar waya da ke haɗa jaki da sauran kayan wutar ciki, don rage ƙugi. Ma'anar wannan ita ce tsirkiyoyin da yaro ke riƙe da su a haɗe suke da jikin amfilifaya. In amfilifayar na da lahani, ko an karya ƙafa ta uku ta fulogi, wuta na iya biyowa ta tsirkiya ta shiga hannu. Wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, haka ya rasu a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Mu kuma ga janareta da ba a haɗa shi da ƙasa ba, ga daɓen siminti, ga yaro ya dawo daga gona da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Dokar gida ta zama: ba a kunna jita ba takalmi, ba a kunna ta da jiƙaƙƙen hannu, kuma mai gyaran lantarki ya duba tsohuwar amfilifaya kafin a fara amfani da ita. Wadda aka yi don Amurka wutar 110 zuwa 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, sai da na'urar rage wuta. In ya ce yana jin tsirkiya na ɗan cizonsa, a kashe nan take. In wuta ta kama mutum, a kashe ta daga tushe, ko a ture shi da busasshen icce, kada a taɓa shi da hannu. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, domin wuta na iya rikita bugun zuciya.

Na biyu ido. Wajen goge ƙarfe da inji ɓurɓushi na tashi kamar tartsatsi, kuma tsirkiya in ta tsinke tana yin bulala. Ya sa tabarau na kariya, ko da kallo ya je yi. In abu ya shiga ido kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko kwalli. A zuba ruwa mai tsabta, in bai fita ba a rufe idon a tafi Babban Asibitin Kura, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano. Ƙarfe in ya kwana a ido yakan bar tsatsa a jikinsa.

Na uku rauni. Bakin tsirkiya kamar allura yake. Cutar sarƙe-haƙora, wadda muke kira tetanus a asibiti, ba tsatsa ce ke kawo ta ba. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, wato daidai inda yaranmu ke yini da taki a hannu. Mu mata ana yi mana allurarta lokacin awon ciki, amma yara maza da yawa tun ta jarirantaka ba su ƙara karɓa ba. A wanke rauni da sabulu da ruwa mai gudu. In ya yi zurfi ko ya yi datti, kuma an fi shekara 5 rabonsa da allurar, a je a yi masa.

Na huɗu ƙannensa. Noti da sifirin na jaki ba su fi ƙwayar shinkafa ko ta wake ba, kuma mai rarrafe komai baki yake kaiwa. A yi aikin a kan faranti mai gefe, a ƙirga sassan kafin a fara da bayan an gama. Kananzir ɗin wankin kada a zuba shi a robar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a wuce asibiti. In kuma kin ga gefen hannun mai jitar na yin ja da ƙaiƙayi, wataƙila jikinsa ne ba ya shiri da farin ƙarfen da ake shafe jaki da shi, irin yadda ɗan kunnen gwangwani ke yi wa wasunmu.

Tsakaninki da ɗanki

Na san abin da ke ran iyaye da yawa ya wuce maganar noti. Ana tsoron kiɗa ya ja yaro zuwa yawon dare da abokan banza da shaye-shaye, ana kuma tunanin abin da dangi za su ce. Malamai sun yi magana a kan kiɗa, kuma hukuncin ko za a bar jita ta kwana a gidanki naku ne, ke da maigida da malamin da kuke bi. Ban zo in yanke muku ba.

Abin da zan ce shi ne, in kun riga kun bar ta, ki duba abin da gyaran ke koya masa. Yaron da ya zauna ya auna milimita, ya bambance zaren inci da na milimita, ya zana abu a takarda ya kai wa mai inji, ya dawo ya gwada ya ga kuskure ya koma, ya fara koyon aikin da wannan yanki ke biya da tsada. Hannun da ya iya saita sirdi shida zai iya saita injin casa. Da yawa daga cikinsu za su ajiye jitar bayan shekara biyu, awon kuwa zai zauna a kansu. In kin ga hankalinsa ya fi karkata ga ƙarfen fiye da kiɗan, ki yi wa babansa maganar a kai shi wajen mai injin da hutun makaranta.

Ki kuma gindaya sharuɗɗanki tun icce na ɗanye: a gida za a yi gyaran inda idonki ke kai, ba lokacin salla ko karatu ba, ba da ƙarar da za ta hana maƙwabta barci ba, kuma kuɗin daga guminsa za su fito, da iyakar da kuka amince a kai. In ya zo da takardar awo biyar ɗin nan, ki zauna ki duba tare da shi ko da ba ki gane komai ba, ki sa ya yi miki bayani.

'Yan uwa na Kura da Bunkure da kewaye, in akwai mai feƙe ƙarfe a garinku da ya taɓa fitar muku da wani abu da kanti ya gaza, na keken ɗinki ne ko na injin markaɗe, ku ba mu labari a ƙasa don wata ta amfana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da hannayensu ke koyo.